Kujerar da Ke Sallamar Baƙi

Yayana yana da wata ɗabi'a da na daɗe ina haƙuri da ita. Shi yana Abuja, ni ina garin Lafiya, a gidan da aka haife mu a Bukan Sidi. Duk lokacin da matsala ta taso a gida, shi aikinsa ya sayo wani abu ya aiko, ni kuma aikina in zauna da abin. Ya taɓa aiko mana da na'urar tace ruwa wadda ba ta taɓa tace komai ba, yanzu Inna ce ke ajiye daddawa a ciki. Saboda haka ranar da ya bugo waya yana ɗoki, wai ya samo maganin ciwon bayan Baba yana tafe a bayan motar kaya, ban ce masa Allah ya saka da alheri ba. Tambayarsa na yi ko abin yana cin wuta. Ya ce ba ya ci, kujera ce.

Baba tsohon ɗan kasuwa ne, riɗi da agushi ya yi ta saye yana turawa kudu har ƙarfinsa ya ƙare. Abin da ya rage masa a duniya bayan jikoki shi ne majalisar ƙofar gidanmu. Tun ban san kaina ba, da an idar da la'asar ake shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron da ke bakin ƙofa, dattawan layinmu su zauna har kiran magariba. Akwai limamin masallacinmu, akwai wani tsohon direban tirela mai bakin tsiya, akwai amininsa na ƙuruciya, wani dattijo ɗan Alago daga Keana da kowa ke kira mai gishiri, sai wasu da ke zuwa suna tafiya. Musu suke yi a kan farashin doya da siyasa da jikan wa ya fi lalacewa. Baba kan zauna a kan buzunsa ya jingina da bishiyar, kuma shi ke rufe kowane musu, galibi don ya fi kowa murya.

Sai baya ya kama shi, ƙafafu suka fara kumbura. Likita ya ce zaman ƙasa ya ƙare. In zai daɗe a zaune, to ya kishingiɗa, ƙafafun kuma a ɗaga su sama. Inna ta ce ai shi ke nan, ya kwanta a ɗaki, mai son ganinsa ya shigo. Baba ya ce ba zai yi ba.

"Ni ba na so a riƙa zuwa dubiya," in ji shi. "Mai dubiya ko zama sosai ba ya yi, ya yi maka addu'a yana kallon ƙofa. Hira nake so."

Abin da kujerar ta zo ta ceto ke nan. Ƙatuwa ce, ruwan ƙasa, mai kushin mai laushi. A gefenta na dama akwai wani mariƙi na katako, liba ke nan. In ka ja shi baya, wani faifai da ke lafe a gaban kujerar sai ya harbo sama a kan ƙarafan da ke buɗewa kamar almakashi, ya ɗauke maka ƙafafu. In ka ƙara tura bayanka, majinginar ta kwanta, mazaunin ya ɗan zame gaba. In za ka rufe, sai ka sunkuyo ka danne faifan da dunduniya har ka ji ƙas. Duk wannan Yaya ya yi mini bayaninsa a waya, da muryar wanda ya ƙera ta da hannunsa.

Ranar da muka fito da ita gindin mangwaro kowa ya zo, ban da mai gishiri, wanda ya tafi Keana sayen kaya kamar yadda ya saba duk rani. Direba ya danna kushin da yatsa ya ce ko a tirela bai taɓa zama a kan irinta ba. Liman ya yi wa Yaya doguwar addu'a, ni da na cicciɓo ta daga zaure har bayana ya amsa ko ambatona bai yi ba. Baba ya gyara babbar riga, ya zauna, ya ce, "Ina abin?" Na nuna masa libar, na ce ya ja a hankali. Baba bai san a hankali ba. Ya fizge ta yadda ake fizgar igiyar janareta.

Faifan ya harbo. Silifas ɗinsa ɗaya ya tashi ya faɗa cikin farantin goro, tafin ƙafafunsa biyu kuma suka tsaya cak a saitin gemun Liman. Baba ya razana, ya ja da baya don ya janye su, ja da bayan kuwa shi ne ke kwantar da majinginar. Kafin a ce wani abu yana kwance yana kallon ganyen mangwaro, hula ta rufe masa ido ɗaya.

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce ai abin dariya ne kawai, a yi a wuce. Amma abu biyu suka faru a lokaci guda, kuma kowannensu babba ne. Ba a miƙe wa mutumin kirki tafin ƙafa, balle limami. Sannan in maigida ya kwanta a gaban baƙi, ya gaya musu ke nan ya gaji, mai tarbiyya sai ya nemi takalminsa. Liman ya kawar da kai daga ƙafafun cikin ladabi, ya ce, "To Alhaji, bari mu bar ka ka huta."

"Ba hutawa nake ba!" Baba ya faɗa wa ganyen mangwaro. "Ku zauna!"

To wane maigida ne ba ya cewa ku zauna mana in baƙi sun miƙe? Suka ɗauka kara ce yake yi musu, su ma suka yi masa tasu. Yana ɗaga murya suna saka takalma. Direba ne ya fita ƙarshe, ya ajiye masa silifas ɗin a gefe, ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Alhaji." Na ga fuskar Baba lokacin da ya ji wannan kalma, don addu'ar masu dubiya ce.

Sai aka zo rufewa. Baba siriri ne, ba nauyi, ya danna faifan da dunduniya har jijiyar wuyansa ta tashi, kujera ta yi kamar ba da ita ake ba. Dole na sa gwiwa na danne ta da nauyina. Tun daga ranar na samu sabon muƙami a gidanmu, mutum mai shekara arba'in da iyali, mai rufe kujera.

Washegari Baba ya ce matsalar ba ta kujera ba ce, ta inda ta fuskanta ce, a juya ta. Muka juya ta gabas, ya ce subhanallahi, alƙibla zai miƙe wa ƙafa? Muka juya ta wajen ƙofar gida, Inna ta leƙo ta ga tafin ƙafafu suna kallonta, ta ce bayan duk shekarun nan ita ce ta cancanci wannan, sannu. Muka juya ta wajen titi. Nan ma ba a daɗe ba, domin duk mai wucewa ƙafafun yake fara gaisarwa, wata mai tallar kunu kuma ta sauke bokitinta tana salati, ta ɗauka an fito da shi ne ana jiran motar asibiti. Abin da ya rage shi ne katanga. Baba ya kishingiɗa yana fuskantar katangar maƙwabci, majalisa tana bayansa tana magana da ƙeyar kujera. An ɗan daure, har sai da direba ya ƙwanƙwasa majinginar ya ce, "Oga direba, akwai sauka a gaba." Aka yi dariya, Baba bai yi ba, kuma da yake a kwance yake, ba a jima ba aka fara neman takalma.

Na buga wa Yaya waya na zazzage masa. Ya ce shi bai ga matsala ba, da ya gwada ta a shago lafiya lau take rufewa. Na ce ai dole, mutumin da tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki. Ya yi kamar bai ji ba, ya ce in leƙa ƙarƙashin mazaunin, akwai noti biyu masu kunnuwa, kowanne yana danne da sifirin. Su ne ke sa kujerar tauri ko laushi gwargwadon nauyin mai zama, in sassauta su. Na kwanta a ƙasa da tufafin da na dawo aiki da su, waya a kunne, ina murɗawa yana cewa "ƙara, ƙara" daga Abuja, shi da ba ya ganin komai.

Ta yi laushi kam. Majinginar ta daina riƙe kowa. Baba ya yi atishawa, ta kwantar da shi. Ya yi dariya, ta kwantar da shi. Mafi muni, Baba mutum ne da in zai ce "a'a" a musu sai ya jefa bayansa baya, saboda haka duk lokacin da ya ƙi yarda da wata magana sai a neme shi a rasa, sai murya daga ƙasa. Ran nan ana musu a kan wani ɗan takara, Baba ya ce "A'a!" ya tafi, na ɗago shi, ya ce "Sam!" ya sake tafiya. Liman ya dube ni da tausayi ya ce jikin Alhaji ya yi rauni ƙwarai, ko zama ba ya iyawa. Na sake kwanciya a ƙasa na ɗaure notin, amma magana ta riga ta zaga layi.

Daga nan majalisa ta fara zamewa. Za su zo bayan la'asar, su gaisa a tsaye, su ce ya jiki, su yi addu'a, sannan su gangara ƙofar gidan direba inda akwai benci a gindin dogonyaro. Ba mugunta suka yi ba, a ganinsu sauƙaƙa masa suke yi. Amma gidan direba ba nisa, in iska ta kaɗo muna jin dariyarsu. Baba kan karkata kunne ya ce, "Wannan muryar Liman ce," ko ya ce, "Ƙarya yake yi, ko daga nan na san ƙarya yake yi." 

Ya sa aka kira mai walda ya liƙe ƙarafan yadda kujerar ba za ta sake kwanciya ba har abada. Mai waldan ya zo da kurinsa, ya durƙusa a gabanta, ya ce, "Baba, no wahala, bari in ga yadda sifirin ɗin yake aiki." Ya kai fuskarsa dab da faifan, ya miƙa hannu ya ja libar. Ya tashi riƙe da haɓa, ya ce bari ya je ya ɗauko kayan aiki. Har yau muna jiransa.

Da walda ta gagara, Baba ya sa ni na ɗaure libar da igiyar ragon layya. Muka juyo ta wajen tabarma, ya koma zama a bakin kujerar, a miƙe, ƙafafu a ƙasa, yana cije baki, don duk wanda ya wuce ya ga cewa a zaune yake. Ƙafafun suka kumbura har silifas ya daina shiga. Masu zuwa kuma suna ganin azabar a fuskarsa, sai su ƙara gajarta gaisuwar. Inna ta yi faɗa, na yi magiya, ya ce in ya kwanta sun tafi, in ya zauna ko minti kaɗan ne suna tsayawa. Raina ya ɓaci da Yaya, da kujerar, da wannan ladabi namu da ya sa dattawa suka kasa jin abin da mutum yake faɗa musu da bakinsa. Amma abin da ya fi yawa a raina tausayi ne. Duk la'asar sai ya sa in shimfiɗa tabarmar gaba ɗayanta, in cika farantin goro, da magariba in naɗe ta ba wanda ya taka.

Ana haka mai gishiri ya dawo daga Keana. Ya zo da la'asar sakaliya, da ƙullin gishiri na Inna a hannu, yana tafe yana ɗingishinsa. Hausarsa irin ta mutanenmu ce na nan, komai namiji ne a bakinsa, kuma bai taɓa jin kunyar Baba ba tun suna samari. Ya dubi tabarmar da ba kowa, ya dubi kujerar da igiya a gefenta, ya dubi ƙafafun.

"Alhaji, wannan ƙafa ne ko doya?"

Baba ya fara bayani, ni na ƙarasa. Mai gishiri ya ce a ɗaga Alhaji ya ga abin da idonsa. Na kwance igiyar, muka zaunar da Baba kan wata kujerar roba, shi ya hau ya ja libar. Ƙafafunsa suka tashi, ya tura baya ya kwanta, ya yi ta dariya har da tari. "Kai, wannan kujera ya iya rashin kunya," in ji shi. Na rufe masa, ya sauka, ya ce in mayar da Alhaji wurinsa, ya gangara gidan direba.

Ban san me ya gaya musu ba. Na dai ga sun taho a bayansa, Liman da direba da sauran, suna tafe suna kallon juna. Suka zauna a tabarma kamar da, kowa ya tanƙwashe ƙafafunsa a ƙarƙashin riga yana shirin gajeriyar addu'a. Mai gishiri ya zauna a gaban Baba daidai. Ya cire takalmansa, ya miƙe ƙafafunsa biyu masu faso zuwa ga Baba, har yana kaɗa yatsu.

"To, na miƙe maka ƙafa a ƙofar gidanka," ya ce. "Ni na fara. Rama."

 Baba ya dubi Liman, Liman ya dubi ƙafafun mai gishiri, waɗanda ba abin kallo ba ne. Can sai ya yi gyaran murya, muka zaci wa'azi zai yi. Ya kama gwiwarsa ta dama da hannu biyu, ya zaro ƙafar daga ƙarƙashin riga yana nishi, ya miƙe ta, ya bi da ta hagu. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Alhaji, in gaya maka gaskiya," in ji Liman, "gwiwoyin nan sun daɗe suna ba ni wahala. Kunyarka ce ta sa nake naɗe su."

"Allah gafarta Malam, kai ma?" in ji direba. "Ni fa in na tashi daga tabarmar nan sai na dafa katanga har gida. Abin da ya sa na sayi benci ke nan."

Ya miƙe nasa. Na kusa da shi ma ya miƙe. Nishi ya cika gindin mangwaro, ana jin gwiwoyi suna ƙara ɗaya bayan ɗaya. Ashe duk shekarun nan dattawan layinmu azaba suke sha a kan tabarmar, kowa yana naɗe da ciwonsa don kunyar na kusa da shi. Wata mata da ke wucewa ta tsaya ta tambaye ni ko masu maganin sanyin ƙashi ne suka zo.

Mai gishiri bai gama ba. Ya nuna Baba da yatsa ya ce, "Saura magana ɗaya. In ka kwanta, mu ba za mu tafi ba. Ranar da ka gaji da mu, buɗe baki ka ce ku tafi, ai kana da baki. Ja abin."

Baba ya ɗora hannu a kan libar. Wannan karon a hankali ya ja. Faifan ya ɗago, ƙafafun da suka kumbura suka tsaya a saitin gemun Liman kamar ranar farko, Liman ya ɗan matsa gefe ya ɗauki goro. Baba ya tura bayansa ya kwanta, yana jira. Ba wanda ya motsa. Direba ya ce wai ya ji an ce doyar bana ta yankin Arikya ba ta kai ta bara ba.

"A'a!" Baba ya faɗa wa ganyen mangwaro. "Wa ya gaya maka? Kai me ka sani a doya ban da ɗaukarta a mota?"

Musu ya kankama. Wayata ta yi ta ruri a aljihu, na duba na ga Yaya ne, na mayar da ita. Ina zaune a dakali ina jin muryar Baba tana tashi daga kwance, ta fi ta kowa kamar da. Can kuma sai ta fara ja, ta yi ƙasa, ta ɗauke a tsakiyar magana. Na leƙa. Barci yake yi na gaske, baki a ɗan buɗe, hula ta zame, fuskar nan da ta daɗe a ɗaure ta saki.

Direba ya gani, hannunsa ya tafi wajen takalminsa da kansa. Mai gishiri ya ɗora ƙafa a kan takalmin, bai ko dube shi ba. Suka yi ƙasa da murya suka ci gaba da maganar doya, daga doya suka koma taki, daga taki suka koma jikoki, Baba yana minshari a tsakiyarsu.

Kiran magariba ne ya tashe shi. Ya buɗe ido a firgice, ya ɗago kai, ya bi tabarmar da kallo daga wannan gefe zuwa wancan. Suna nan dukkansu, ƙafafu a miƙe, goro ya kusa ƙarewa. Liman ya ce, "Alhaji, mun yanke hukunci ba ka nan, direba ne da gaskiya." Baba bai yi musu ba. Ya yafito ni in rufe kujerar. Na sunkuya na sa gwiwa a kan faifan, sai na ji ya riƙe mini kafaɗa, ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Ba su tafi ba," ya ce.